Turken da Aka Matsar

Alhamis, 3 ga Satumba, 7:10 na safe

Ruwan Kwara ya shanye turken Tungar Bunyaminu jiya da la'asar. Rumbuna goma sha huɗu da ke kan tudu sun zube duka. Ba a rasa rai ba. An kwashe mutane a kwale-kwale zuwa makarantar firamare ta Bahindi.

Ma'azu ne ya bugo mini. Ya jero maganar kamar mai karanta sanarwa, sannan ya ce, "Shi ke nan, Malam, na ce in sanar da kai."

Shi ɗan Gwaggo Kubura ne, ƙanwar mahaifina. Taubashina ne ke nan, kuma tun muna yara bai taɓa kirana Malam ba. Ɗan Takarda yake ce mini, ko Mai Ido Huɗu in tsokana ta motsa.

Na tambaye shi rumbun iri. Ya ce, "Na ce maka duka."

Alhamis, 1:30 na rana

Matata Husna ta kawo abinci, ta ɗauke shi yadda ta kawo. Ba ta yi maganar taron ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 4 ga Satumba, 6:40 na safe

Zan rubuta abin a jere, yadda aka koya mana a ɗakin labarai: wa, me, yaushe, a ina.

Ranar Asabar, 8 ga Agusta, malamar gona ta nan Bagudo, Zuhura, ta je tunga da takardar gargaɗi. Ni ma ina can, na je gaida Gwaggo na yi kwanaki. Takardar ta ce ana sa ran kogi zai yi cikar da ba a saba gani ba. Zuhura ta ce a kwashe hatsi zuwa Bahindi kafin ƙarshen wata, in ba za a iya duka ba, a kwashe iri. Ta ƙara da cewa damina tana sauya hali, ruwan wata guda yana zuba a kwana uku, kuma hayaƙin da 'yan Adam ke fitarwa yana da hannu a ciki.

Kwashe rumbu goma sha huɗu aikin mako biyu ne, a tsakiyar noma. Ba wanda yake so. Ma'azu, da yake shi ne mai garin, ya juyo ya ce, "Ɗan Takarda, kai da kac ci shekara talatin kana jarida a Kaduna, mi kag gani?"

Na tashi na ja su zuwa turke.

Turken giginya ne da ake ɗaure jirage, a gefen tudun rumbuna. Tun zamanin kakanmu Bunyaminu, duk shekara in ruwa ya kai iyakarsa, mai gari yakan ɗauki gatari ya yi sara a daidai inda ya tsaya. Saran da ya fi kowanne tsawo shi ake kira Saran Bunyaminu, na wata damina kusan shekara saba'in da suka wuce. Yana daidai da duwatsun da rumbuna ke zaune a kai.

Na ɗora yatsa a kansa. Na ce ga ruwan da ya fi kowanne, tun babu mota a yankin nan balle hayaƙinta, kuma kowa ya san hatsi bai jiƙe a shekarar ba. Na nuna saran shekarun nan da ake kuka da su, suna ƙasa da shi da kamu ɗaya da rabi. Na ce kogi yana hawa yana sauka tun kafin a haifi Turawan da ke rubuta waɗannan takardu. Na ce su ne suka ƙona gawayi shekara ɗari biyu, yanzu suna aiko mana yara su hana mu itacen girki.

Aka yi dariya. Zuhura ta ninke takardarta ta sa a jaka. Ba a kwashe komai ba.

Wannan shi ne abin da kowa ya sani.

Asabar, 5 ga Satumba, 4:00 na yamma

Ban je Bahindi ba.

Litinin, 7 ga Satumba, 5:20 na yamma

Na je. Gidaje talatin da ɗaya a azuzuwa shida. An jera benci a waje, an shanya tabarmi a kai. Akuyoyi a ofishin hedimasta.

Maza sun taso sun gaishe ni kamar yadda suka saba. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ma ai gaskiyarka kah hwaɗi, ruwa na Allah na." Na ce haka ne.

Ma'azu ya ba ni kujera. Kujera. Da, ƙasa yake nuna mini ya ce in zauna in ji abin da talaka ke ji.

Abin da ya fi damunsu ba abinci ba ne, an fara kawo taimako. Mai-wuya ce. Shinkafarmu ce ta gado, ja, wadda ke miƙa wuya tana bin ruwa in yana hawa a hankali. Ba a sayar da irinta a kasuwa. Al'adar gidan Bunyaminu ita ce ba a shuka iri duka: rabi fadama, rabi rumbu, don in gona ta lalace a sami na baɗi. Bana ruwan ya hau da saurin da ta kasa bin sa, ta nutse a gona. Rabin da ke rumbu kuwa ya kwana biyar a ƙarƙashin ruwa, ya zama tsami.

Gwaggo tana kwance a aji uku. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi Husna da yara, ta tambayi ciwon gwiwata. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta juya fuska bango.

Talata, 8 ga Satumba, 10:00 na safe

Na sauko da kwalin nan mai shuɗin bango. Shekara shida ina tara takardu a ciki, duk na masu cewa babu hannun ɗan Adam a ɗumamar duniya. Da su na rubuta sharhi huɗu. Yau na yi musu abin da ya kamata in yi tun farko: kowace magana in tambaye ta wa ya auna, da me, daga yaushe.

Ta farko: yanayi ya sha sauyawa tun kafin masana'antu. Gaskiya ne. Amma don tsawa ta taɓa kunna daji a da, ba ya nufin wutar bana ba mutum ne ya kunna ta ba. Maganar ba ta amsa komai, tana dai sa mutum ya ji ya amsa.

Ta biyu: rana ce ta ƙara zafi. Wannan ana iya aunawa, kuma an auna. Shekara arba'in ana bin ƙarfin rana daga sama da na'ura, bai ƙaru ba, zafin duniya kuwa yana hawa. Kuma can saman iska sanyi take ƙara yi, ƙasa na ɗumama. Da rana ce, da duka sun ɗumama tare. Bayanin yana nan a fili, a wuraren da nake wucewa kullum ban tsaya ba.

Na ajiye kwalin. Littafin rahotona na watan Agusta yana kan tebur, ban buɗe shi ba.

Alhamis, 10 ga Satumba, 8:15 na safe

A masallaci ma haka. Kowa yana wanke ni. Liman ya ce wanda aka nemi shawararsa ya faɗi iya saninsa ba shi da laifi.

Iya saninsa.

Da na dawo Husna tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Baban Amatu, shekara talatin da biyu na san tafiyarka. In kuskure ka yi, kakan yi ta surutu har mu gaji. Wannan shirun na wani abu ne daban."

Na ce kaina ke ciwo. Ta ce akwai magani a kan firji.

Asabar, 12 ga Satumba, 11:30 na safe

Kwali kuma.

Ta uku: iskar kabon 'yar kaɗan ce, kashi huɗu cikin dubu goma, ba za ta iya komai ba. Lissafin daidai ne, hukuncin ne banza. Maganin ɓera ma ɗan kaɗan ake sawa. An san tana riƙe zafi tun fiye da ƙarni guda, kuma ta ƙaru da kusan rabi tun da aka fara ƙona gawayi da fetur da yawa.

Ta huɗu ita na fi so a da. Wani zane ne da ke nuna ɗumama ta tsaya tun 1998. Na nemo cikakken zanen. Shekarar 1998 ta yi zafi na fitar hankali, shi ya sa mai zanen ya fara daga ita, ya kuma tsaya kafin shekarun baya-bayan nan da suka fi ta. Bai ƙirƙiri lamba ko ɗaya ba. Ya dai zaɓi inda zai kafa turkensa.

Na rubuta wannan jimlar, na zauna ina kallonta.

To. Littafin Agusta, shafi na 41, Laraba 5 ga wata, kwana uku kafin taro. Na je ɗaukar hoton turken don sharhi na biyar. Gwaggo tana zaune a inuwa tana gyaran kifi. Ga abin da ta ce, da rubutun hannuna:

"Ai ba nan yake ba da. Can gangare yake, inda kogi yac cinye yanzu. Shekarar da nih haihi Ma'azu gaɓa ta zabtare, ubanka da mijina sunka tumɓuke shi sunka hawo da shi nan. Ni nid dama musu hura."

Na tambaye ta bambancin tsayin wurin. Ta ce bai kai mutum ba, amma ya fi ƙugu. Na rubuta. Na ja layi a ƙarƙashi.

Ma'anarsa a fili take ga duk wanda ya iya auna labari. An yi Saran Bunyaminu lokacin da turken ke can ƙasa. Ruwan kakanmu bai taɓa zuwa kusa da duwatsun rumbu ba. Saran shekarun nan, da aka yi bayan an hawo da shi, su ne na gaske a wurin, kuma uku na ƙarshe masu tsawo kowanne ya ɗara na bayansa. Tudun da na ce ya ci jarrabawa ba a taɓa gwada shi ba.

Waɗanda suka matsar da turken sun rasu. Ma'azu yana jariri. Gwaggo ba ta zama taron maza. Mutum ɗaya ne a wurin ranar Asabar ya sani.

Lahadi, 13 ga Satumba, 2:00 na rana

Na riga na rubuta kan labarin sharhin kafin in je ɗaukar hoton. Dalilin da ya sa na danne maganar Gwaggo ke nan. Babu wani.

Talata, 15 ga Satumba, 3:45 na yamma

Na je ofishin Zuhura. Sa'ar Amatullahi ce, 'yata. Ta miƙe ta ce, "Baba, sannu da zuwa," ta share mini kujera da gefen mayafinta.

Na je da sauran abin da ya rage mini, ina so in ji ko zai tsaya. Na ce babu mai iya rantsewa cewa wannan ambaliyar hayaƙi ne ya kawo ta. Akwai madatsun ruwa da ake buɗewa. Akwai yashi da ya cike kogi, akwai dajin da aka sare, ƙasa ta daina shan ruwa. Na ce kuma ba mu ne muka ƙona gawayin ba.

Ta ce, "Duk haka ne, Baba. Ni ma da an tambaye ni kashi nawa na wane ne, ban sani ba. Abin da aka tabbatar shi ne iska mai ɗumi ta fi ɗaukar ruwa, in ta sake shi kuma da yawa take saki. Sare dajin ma ai hannun mutum ne." Sai ta ƙara da cewa, "Kuskurena ne da na kawo maganar hayaƙi a taron. Takardata ba ta ce a yarda da Turawa ba. Cewa ta yi a kwashe iri."

Tana ɗaukar laifin a kanta, ni ina zaune a kujerar da ta share. Na buɗe baki na tambaye ta ko ana samun irin Mai-wuya a wata cibiya. Ta ce ta bincika, ba ta samu ba.

Na fito ban faɗa ba.

Alhamis, 17 ga Satumba, 5:00 na yamma

Bahindi. Na tarar da Gwaggo ita kaɗai, sauran sun tafi karɓar gidan sauro.

Ta ce, "Shamsu, ranar nan na ga kana rubutu."

Na ce na rubuta, Gwaggo.

"Na zaci in an rubuta abu ya tsira ke nan. Shi yas sa ban aika an hwaɗi ma Ma'azu ba."

Na durƙusa a gabanta. Ta bar ni a haka har ta gama ɗaure kallabinta. Sannan ta ce in daina wannan durƙuson in saurara. Duk ɗiyar gidan Bunyaminu da za a kai ɗakin miji, akan ba ta gora guda ta Mai-wuya, a cakuɗa da toka a liƙe bakin da yumɓu. Ta ƙarshe ita ce Rahmatu, 'yar Ma'azu, da aka kai tsallaken iyaka, wani ƙauyen Dandawa cikin ƙasar Binin, gaba da garin Lolo, damina biyu da suka wuce. Mutanen mijinta noman rani suke yi da injin ban-ruwa, kuma da sabon iri. Wataƙila ba su fasa gorar ba.

"Wataƙila kuma ta dahwa sun ci," in ji Gwaggo. "Yaran yanzu."

Asabar, 19 ga Satumba, 9:00 na safe

An samu Rahmatu a waya. Gorar tana ƙarƙashin gado. Ba ta san halin da abin ciki yake ba.

Litinin, 21 ga Satumba, 6:10 na yamma

Iyaka a rufe take tun bara, kuma shinkafa ce abin da aka fi kamawa. Zuhura ta rubuta mana takarda cewa iri ne. Mijin Rahmatu ya ce zai kawo gorar bakin ruwa ta ɓangarensu. Ma'azu ya ce zai je da jirginsa. Na ce zan raka shi. Ya ce, "Yadda kag ga dama, Malam."

Mun bi ta kan tunga. Babu turke, babu tudu, sai kan tsamiya da ruwa ja. Ma'azu ya rage injin ya ce bana babu inda za a yi sara.

Nan na faɗa masa. Ban ƙawata ba. Na ciro littafin na karanta masa shafi na 41, da kwanan wata.

Ya kashe injin. Jirgi ya yi ta juyawa a hankali.

Ya ce, "Na sani. Inna ta hwaɗa min ranar da munka sauka makaranta."

Na ce to me ya sa bai yi magana ba.

"Jira nike in ga kwana nawa za ka yi. Sha tara." Ya tofa yawu a ruwa. "Ni ban yi boko ba, Shamsu. In ka ce min rana ta, in ce rana ta. In ka ce hayaƙi na, in ce hayaƙi na. Wannan can tsakaninku. Amma turken ubana na, kuma kai nit tambaya gaban mutanena."

Na ce ya yafe mini. Ya ce wannan ba maganar cikin jirgi ba ce. Inda na yi waccan, gaban mutane, can zan yi wannan, kuma a kira yarinyar nan malamar gona ta ji.

Mun tarar da mijin Rahmatu a bakin ruwa, ya miƙo mana gorar. Ƙarama ce, ba ta fi mudu biyu ba. Yumɓun bakinta ya tsage ta gefe ɗaya. A dawowa jami'an da ke sintiri suka tsayar da mu. Ɗayansu ya karanta takardar, ya girgiza gorar a kunnensa, ya ce, "Baba, da wannan za ku karya tattalin arzikin ƙasa?" Ya miƙo mana ita da hannu biyu.

Talata, 22 ga Satumba, 10:30 na safe

An fasa a gaban Gwaggo. Ƙwari sun shiga ta wurin tsagar, saman ya zama gari. Ƙasan yana da kyau a ido. Zuhura ta ƙirga ƙwaya ɗari, ta jera a jiƙaƙƙen tsumma, ta naɗe ta sa a kwano. Ta ce kwana bakwai. In sittin suka tsiro, a yi rani da ita a ƙaramin fili a ninka iri. In ba su kai ashirin ba, ba ta san abin da za ta ce ba.

Juma'a, 25 ga Satumba, 4:20 na yamma

Bayan an sauko daga masallaci, a filin makaranta. Na tsaya inda ɗalibai ke taruwa. Na ce abin da na nuna musu a turke ba gaskiya ba ne, kuma na san haka lokacin da nake nunawa. Na karanta shafin. Na ce Zuhura ce ke da gaskiya a kan iri. Na ce a kan hayaƙi ma na sake dubawa, hujjojin da na dogara da su ba su tsaya ba, nata sun fi nawa ƙarfi.

Ba a yi hayaniya ba. Dattijon da ya riƙe hannuna rannan ya tashi ya ɗauki buzunsa ya tafi. Wasu suka bi shi. Wani daga baya ya ce, "To mu ci takardar?" Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya hana shi.

Zuhura tana tsaye ta ɓangaren mata, kanta a ƙasa, kamar ita ake tuhuma.

Na aika wa jaridar gyara a kan sharhi huɗun. Ban san ko za su buga ba.

Asabar, 26 ga Satumba, 8:50 na safe

Da na isa Bahindi an riga an buɗe tsumman. Babu wanda ya ba ni kujera. Ma'azu yana tsugune a kan kwanon, bai ɗago ba ya ce, "Kai, Mai Ido Huɗu, zo ka ƙirga muna. Amma Inna za ta sake ƙirgawa bayanka."

Na ƙirga. Gwaggo ta ƙirga da yatsa, a hankali, sau biyu.

Goma sha bakwai sun fitar da farin tsiro. Yau kwana huɗu. Zuhura ta ce ba a yanke hukunci sai Talata.